Hatimin Injin Saffana

Ranar Litinin da hantsi Lao Feng, bakaniken da ke kula da motar 'yata, ya ɗaga murfin injin ya tarar babu hatimi. Kafin azahar labarin ya zaga duk inda Bahaushe yake a Guangzhou, daga shagunan Liwan har ɗakunan awon kaya na Baiyun. Mutanen da ba su taɓa taka filin tsere ba duk sun zama masana injin.

Gasar da Saffana take yi ta matasa ce, motocin nan masu kujera ɗaya da tayoyi a waje. Duk motocin iri ɗaya ne. Don kada wani ya buɗe injin ya ƙara masa ƙarfi, masu gasar suna ɗaure shi da wata siririyar waya da suke murɗewa, su danne bakinta da curin dalma mai lamba. Shi ne hatimin. Wanda aka samu nasa a yanke, maguɗi ake kira, kuma lasisinsa ake karɓewa.

Saffana shekararta goma sha bakwai, a nan garin na haife ta, kuma ita ce ta biyu a maki. Tsere ɗaya ya rage, ranar Lahadi. Kwamitin gasar ya ce zuwa Alhamis mu kawo bayanin wanda ya yanke hatimin da dalilinsa, ko kuma ta manta da tuƙi.

Ni ce uwarta, Rekiya, mai sarin labule a Liwan. Ba a san ni da haƙuri ba, kuma ban ga dalilin da zan fara koyonsa a wannan makon ba.

*

Da yamma Alhaji Abdulrasheed ya zo gidana da dattawa biyu. Shi ne yayan mijina marigayi Shitu, kuma shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu. Tun ranar da Saffana ta fara sa hular kwano yake cewa abin kunya ne 'ya mace ta riƙa gudu da mota a gaban maza.

"Rekiya, maganar a fili take," ya ce. "Wannan bakaniken ƙaninsa yana aiki da waɗanda ke gaba da ita a maki. Shi ya yi. A kore shi, yarinya ta janye da kanta, a rufa asiri."

"Yaya Alhaji, in ta janye ai ta amsa laifi ke nan."

"Dama Allah ya kawo mata mafita. Ta koma karatu."

Saffana na tsaye a ƙofar kicin, hannunta a harɗe. "Baffa, Lao Feng ya fi ni son motar nan. Ba shi ba ne."

"Da uwarki nake magana."

Na ba su shayi saboda ba a hana baƙo shayi, amma ban raka su ko bakin lif ba. Suna fita na kira Malam Kallamu.

*

Malam Kallamu mutumin Damagaram ne. Ya yi shekaru yana bin sawun ɓarayin raƙuma da shanu kafin ya shiga harkar tura kaya ta jirgin sama, yanzu yana da kamfani kusa da filin jirgin Baiyun da ma'aikata cike. Mutum ne mai ji da kansa, kuma in kun haɗu ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka. Na daɗe ina ganin wannan rashin ɗa'a ne.

Washegari da safe muka same shi a garejin da ke Huadu. Mai garejin ya tare mu fuska a murtuke. Kallamu ya nuna rufin ɗakin ciki, inda motar take, ya tambayi kamara.

"Meyo," in ji mutumin, wato babu.

Saffana ta yi bayani: a ɗakin ciki ba a sa kamara, don kada sirrin yadda aka saita mota ya fita. Ta bakin ƙofa kuwa ta nuna mutane sun fi talatin suna shiga da fita ranar Juma'a. Laifin wannan nawa ne. Ni na roƙi izini na yi girki na gayyato jama'a bayan masallaci su ga motar su sa albarka. Asabar da Lahadi garejin a kulle ya kwana.

"An yi shara?" Kallamu ya tambaya.

Ba a yi ba. Tunda Lao Feng ya ga abin ya hana kowa wucewa bayan motar.

Kallamu ya sa aka kashe fitilu. Ya kunna tocilan wayarsa, ya kwantar da ita a ƙasa yadda hasken zai bi daɓe a kwance. Sai ga baƙar ƙurar taya, wadda ido ba ya gani a tsaye, ta fito da sawu iri-iri. Ya tsuguna da babbar rigarsa yana matsawa kaɗan-kaɗan. A bayan motar akwai wata shimfiɗar roba mai ruwan toka, inda makanikai suke jera kayan aiki. A bakinta ya tsaya ya daɗe, har na fara ƙosawa. Daga nan ya leƙa ramukan da wayar hatimi ta bi, ya kuma duba murfin injin.

"Ɗiyata, tambayi wanga bawan Allah," ya ce da Saffana, "in za shi hau shimfiɗa yana tuɓe takalmi?"

Lao Feng, wanda tun jiya bai ci abinci ba, ya kusa yin dariya. Ya ƙwanƙwasa hancin takalminsa mai ƙarfe. Ya ce wanda ya cire takalmi a ɗakin nan, lawban, wato mai garejin, zai kore shi a ranar.

Kallamu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya nuna min wuri a bakin shimfiɗar: sawun takalma biyu masu buɗaɗɗen baya, an jera su kai da kai, tsaf kamar a ƙofar masallaci.

"Hajiya, ki bar Sinawa su huta. Wanda ya yi wanga aiki ya iske shimfiɗa, ƙafarsa ta ƙi hawa da takalmi. Namu ne."

Raina ya ɓaci fiye da in an ce min abokan gaba ne. Mutum ya ci shinkafata, ya sha zoɓona, sannan ya shiga ya kashe wa 'yata rayuwa.

*

Wanda kowa ya fara ambata shi ne Issa, ɗan Maraɗi mai sayar da kayan gyaran mota. Filaya ba ta rabuwa da aljihunsa, kuma an gan shi ya shiga ɗakin shi kaɗai. Muka same shi a shagonsa yana ɗaure kwali.

"Na shiga, ban musu ba," ya ce. "Hoto na so in yi cikin motar in aika wa yara gida. Sai ƙugu ya ƙi shiga. Na sha wuya kafin in fiddo ƙafa."

"Mi ka sa a ƙafa ran Juma'a?" Kallamu ya tambaya.

Issa ya nuna kambas ɗinsa mai igiya. Kallamu ya sa shi ya yi tafiya daga kan kanta zuwa ƙofa ya dawo, yana kallonsa kamar mai tayin rago. Sannan ya girgiza kai.

"Bon, ba kai ba ne. Ka ga wani?"

"Ban gani ba, amma na ji. Na koma ɗaukar hulata da na mance, na ji ana karatu ƙasa-ƙasa bayan motar. Na ce wani ke salla, sai na juya."

"Wace sura?"

Issa ya yi tunani. "Falaƙi da Nasi. Yana gamawa yana sakewa."

*

A mota na ce na san ko wace ce. Jumai, mai abincin da ta taya ni girki, ba ta da zance sai na aljanu da sammu. Muka nufi wajenta, muka tarar tana tuƙa tuwo a ɗan kicin ɗinta da ke hawa na sama.

"Ni dai na faɗa, kuma ba zan janye ba," ta ce, muciya a hannu. "An ɗaure motar nan. Ranar da yarinya ta zo ta ɗaya, ba a gaban kowa wani mutum mai farar safar hannu ya zo ya cire tsohuwar waya ya ƙulla sabuwa ba? Tun daga ranar injin ya mutu mata a tsere biyu a jere. Ni ba yarinya ba ce."

"Anti Jumai, jami'in gasa ne," Saffana ta ce a gajiye. "Famfon mai ne ya lalace, an canja shi."

"Haka za su ce miki."

"Wa kika gaya wa wannan maganar?" na tambaye ta.

"Duk wanda ya tsaya. Har Alhaji Abdulrasheed na gaya wa ranar walima, ya balbale ni da faɗa a gaban mutane, wai shirka nake yaɗawa."

Na kalli Kallamu ina jiran ya kama ta. Shi kuwa ƙafarta yake kallo, 'yar ƙarama cikin silifas. Ya nemi a zuba masa tuwo, ya ci, ya yaba miyar, muka fito.

"Malam, kwana biyu ya rage, kai kana cin tuwo."

"Hajiya, maƙiyi in ya yanke hatimi, barinsa zai yi nan don a gani. Wanga ya fara ƙoƙarin warware wayar da hannu, duk ya karce ƙarfen. Da ta ƙi, ya yanke, ya tafi da ita. Kuma ya yi tofi sau uku bisa murfin, ya bushe yana nan. Ki tara min mutane gobe a garejin, dab da la'asar."

"Ka san shi ke nan."

"Na san ƙafarsa. Ina son kowa ya gani da idonsa, don kar a ce Kallamu ya yi ƙage."

*

Suka zo, Issa da Jumai da dattawan ƙungiya, Alhaji a gaba. Lao Feng yana rakuɓe a jikin bango. Kallamu ya yi ta jan zance kan tsadar awon kaya har lokacin salla ya yi, ya ce a fara gaida Ubangiji. Aka shimfiɗa darduma a ɗakin waje. Alhaji ya ja salla kamar kullum, mu mata muna baya.

Da aka sallame, Kallamu ya kai mu ɗakin ciki, ya sa aka kashe fitilu, ya kwantar da tocila. Ya nuna sawun takalman da aka jera. Sannan ya haska kan shimfiɗar.

"Ku diba. Mutumin ya zauna zaman tahiya yana karatu. Ga gwiwar hagu. Ina ta dama? Babu. Ga dunduniyar dama can gaba, a miƙe, ba ta lanƙwasa ba. Ga tafin hannu inda ya dogara ya tashi."

Duk yanzu muka tashi daga bayan liman da ya zauna tahiya da ƙafar dama a miƙe, saboda ciwon gwiwar da ya fi shekara goma yana fama da shi.

"Kallamu," Alhaji ya ce, "ka san da wa kake magana?"

"Na sani, Alhaji. Shekara nawa ina salla bayanka."

"Ni? Ni da nake yaƙi da camfi?"

Jumai ta dafe baki. Alhaji ya dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai tare masa, dattawan duk suka sunkuyar da kai. Sai ya jawo wata taya ya zauna a kai.

"Duk tseren yarinyar nan ina kallo a waya," ya ce a hankali. "Ba wanda ya sani. Ranar da injin ya mutu mata a tsakiyar titi, motoci suna wuce ta ta hagu da dama, na zaci gawarta za a kawo min kamar yadda aka kawo min ta ubanta. Da Jumai ta yi maganarta na tsawata mata, amma sai na shigo in gani. Na ga waya a murɗe da dalma a baki. Irinta sak aka tono a ƙofar rumbun babanmu shekarar da ya kwanta bai tashi ba. Duk karatuna ya gudu. Na yanke na jefa a kogi. Sai Litinin na ji ko mene ne."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma bai daɗe ba, domin idona ya faɗa kan Lao Feng, wanda bai fahimci ko kalma ɗaya ba, yana ta kallon bakunanmu.

"Yaya Alhaji, Litinin ka sani, kuma Litinin ɗin ka zo gidana ka ce a kori wancan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso. "Hajiya, a yi haƙuri. Niyyarsa alheri ce. In wannan maganar ta fita, Sinawa dariya za su yi mana gaba ɗaya, a ce shugabanmu ya ɗauki hatimi sammu. A bar ta a ɗakin nan. Yarinya ta huta shekara ɗaya, ai tana da ƙuruciya."

"Ba za a bar ta ba," na ce. "In ba wanda zai je, ni zan je in faɗa, da sunansa da komai."

Suka juya wajen Kallamu ko zai sa baki. Ya kashe tocilarsa ya sa a aljihu.

"Ni sawu aka ce in bi, na bi ya kawo ni nan. Ban iya maida shi baya."

Saffana ta zo ta durƙusa a gaban Alhaji, kamar yadda ta saba gaishe shi tun tana ƙarama.

"Baffa, na gode da ka ji tsoro saboda ni. Amma ni ba hutu nake so ba, kuma ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Gobe da hantsi kwamiti zai zauna. Ka zo ka faɗa da bakinka."

Ya tashi da ƙyar ya fita.

*

Muna zaune a gaban mutum uku na kwamitin, har shugabarsu ta fara duba agogo, sai ga Alhaji cikin farar babbar riga. Shi kaɗai ya zo. Ba ya jin Sinanci sai na ciniki, don haka Saffana ce tafinta.

"Ki gaya musu kuskure aka samu," ya ce. "Hannuna ya taɓa wayar ta tsinke."

Saffana ta ƙi fassarawa.

"Ki faɗa mana."

"Baffa, wayar nan ba ta tsinkewa da hannu, sun fi mu sani. In na faɗi wannan, mu biyu ne maƙaryata."

Na ce yanzu zai miƙe ya tafi, shi ke nan mun rasa. Ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya faɗi komai, da rumbu, da tofi, da kogi. Saffana tana juyawa jimla bayan jimla, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ya tsaya, ta ce masa saura maganar Lao Feng. Ya faɗe ta ita ma.

Babu wanda ya yi dariya. Shugabar ta ce kakarta ma ta taɓa ƙona mata takardar jarrabawa saboda lambar kujerar ba ta yi mata ba. Amma doka doka ce. Suka sa aka buɗe injin a gabansu aka auna komai, aka tarar ba a taɓa ko ƙusa ba. Lasisi ya tsira, Lao Feng ya tsira. Sai dai tunda ɗan gidanmu ne ya yanke, an soke makin tserenta na baya, kuma ranar Lahadi daga layin ƙarshe za ta tashi. Kowa a ɗakin ya san kofin ya tafi ke nan.

A waje Alhaji ya tsaya gaban Lao Feng, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ranar Juma'a ya ajiye shugabancin ƙungiya. Dattawan da suka ce a rufa asiri har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau, ni kuma ban daina barci ba.

*

Ranar Lahadi mutanenmu kaɗan ne suka zo filin: Issa, Jumai da kular abinci, da Kallamu wanda ya ce shi zuwa ya yi ya ga yadda taya take barin sawu. Alhaji ya zauna can nesa da mu, a karo na farko a fili.

Motar Saffana tana can ƙarshen layi, sai na yi ɗage nake hango ta. Fitilu suka mutu, ƙara ta cika kunne. Kafin kwana ta farko ta wuce uku. Daga nan ban san abin da nake faɗa ba, Jumai ce ta gaya min daga baya wai har zagin 'ya'yan mutane na yi. Ta yi ta cin su ɗaya bayan ɗaya, ta ciki, ta waje, har a inda Lao Feng ya rufe ido. Ta gama ta huɗu. Yaron da ke gaba da ita tun farko shi ya ɗauki kofin shekara.

Na ruga na same ta tana cire hular kwano, gumi ya jiƙa ɗankwalin da ke ciki. Na shirya kalaman lallashi tun daga kan benci, na buɗe baki ke nan ta riga ni.

"Umma, ina Lao Feng? Tayar baya ta hagu tana ja a kwana. A gyara ta tun yanzu, don baɗi ba daga baya zan tashi ba."